Littafin Gindin Dutse

Ni ne Jatau, mai littafi a gindin duwatsun Riruwai.
Da can baka nake riƙewa, yanzu biro.
Tafiyar kwana uku ce, in ƙafa ta yarda:
Zangon Ƙirya, Zangon Kogo, sai Marmaro.
Kowane zango mutum goma sha biyu yake ɗauka,
na sha uku ya jira wani mako.

Ba ni na yanke adadin ba,
idon ruwan Ƙirya ne ya yanke.
Tulu goma sha biyu yake bayarwa garau,
na sha uku laka ce.

Ladidi jikata ke amsa waya.
Tun cikin azumi ake kama gurbin bayan Sallah,
daga Fagge, daga Zariya,
a turo suna, a turo kuɗi,
wani har hoton takalminsa ya turo,
wai a duba ko zai hau.

Dokokin na jikin allon kwano,
nakan karanta wa wanda ya ƙi dubawa:
ba a saran ɗanyen itace,
wuta sai a murhun da aka tarar,
sabulu ba ya kusantar ido,
ledar da ta hau da kai ta sauko da kai,
bayan isha'i a kashe kiɗa, dare na da masu shi.
Sai su ce, "To, Baba."
To ba ta da nauyi,
kowa na iya hawa da ita.

Bara, hutun ƙarshen shekara,
mutum arba'in da ɗaya suka zagaya ta bayan gonar Talle,
ba suna, ba rasit.
Tanti kan tanti kamar kasuwar Doguwa ranar cinta,
igiyar wannan a turken wancan.
Layi a bakin ruwa, layi a bayan dutse,
layi a kan falalen ɗaukar hoto,
kowa na so a ɗauke shi shi kaɗai
kamar shi ya fara zuwa.
Da suka sauko na hau.
Gwangwani goma sha tara na tsinto, da silifas wari guda.
Zabin daji sun tashi,
har yau ba su aiko mini da inda suka koma ba.

Shekaranjiya sai ga Cindo.
Cindo da ya nuna mini hanyar nan ina ɗan shekara tara,
ya koya mini taka dutse in ya jiƙe,
da kogon icen da zuma ke kwana.
Gora a kafaɗa, sanda a hannu,
idon hagu ya yi fari.
Ya ce zai kwana a Ƙirya,
ya ga wurin tun da sauran gani.
Na buɗe littafi. Cike, har watan gobe.
Ya ce, "Jatau, yaushe dutse ya koyi karatu?"
Biro ya fi gatari nauyi a hannuna.

Amma akwai Laraba.
Kowace Laraba ni nake cike shafin da kaina:
Zabo, Gada, Bushiya, Damo, Kurciya,
har goma sha biyu,
don ido ya kwanta, ciyawa ta miƙe.
Ladidi kan ce wa masu waya an cika.
Ba ƙarya take yi ba.

Na soke Damo. Sarkin haƙuri ne, ba zai kai ƙara ba.
Na rubuta Cindo.
Ya laluba aljihu, ya ce nawa ne?
Na ce ka biya, shekara sittin da suka wuce.

Da hantsi ya kama hanya,
yana tsayawa inda muke tsayawa da.
Bayan magariba na fito da tabarma, na ɗaga kai.
Wuta ɗaya tal a Ƙirya,
'yar ƙarama,
a tsohon murhu.